Huraira, Wadda Cinnaka Ya Yanke wa Hukunci

Huraira 'yar Damari ce, aure ya kai ta Dogon Dawa ana saura shekara guda Turawa su miƙa mulki. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, irin matan nan da idan suka kama taɓarya sai maƙwabta su san wa ke daka yau. Sana'arta man kaɗe. Da damina ta sauka sai ta bi bakin daji tana tsintar kaɗanya, ta dafa, ta shanya, ta soya, ta niƙa, ta duƙa kan ƙwarya tana bugu har man ya taso fari sol. Mijinta Audi manomi ne, da rani kuma ya ɗaura amya a kan manyan itatuwa yana ɗiban zuma. Mutum ne mai sanyin hali, kowa na yaba masa sanyin nan. Ku dai bari ku ji inda ya kai su.

A wajen tsintar kaɗanya ta yi ƙawa, Naomi, Bagwariya Kirista daga unguwar hayin rafi, mai baki kamar reza. Naomi kan ɗora kayanta a kafaɗa yadda matansu suke yi, Huraira kuma a ka, su taho suna tsokanar juna har gari.

"Wai ke wannan kan da kike ta lallaɓawa, me aka ajiye a ciki?" in ji Huraira.

"Hankali," in ji Naomi. "Naku ai kaya sun danne shi tuntuni."

Haihuwar fari a gaban uwarta ta yi, a Damari. Namiji, aka sa masa Ladan. Ta shayar da shi kamar kowace uwa, yaro ya yi ɓul-ɓul, wuya duk ninki, har ya fara rarrafe. Sai ƙyanda ta shigo gari da bazara ta yi ta ɗiban yara, ta haɗa da shi. Gidajen da aka yi zaman makoki a unguwarsu wannan shekarar suna da yawa, kuma ba a tuhumi nonon kowa ba. Sai nata.

Wadda ta fara zancen ita ce Goggo Maiturare, ƙanwar uban Audi, ungozomar unguwar. Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Da muguwa ce da abin ya zo da sauƙi, sai a zage ta a wuce. Rabin mutanen Dogon Dawa ita ta yanke musu cibiya, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya aka aiko za ta yafa buhu ta fita. Abin da ta ce kawai shi ne, ita fa ta lura yaron nan yana yawan tumbuɗi. Wane jariri ne ba ya tumbuɗi? Amma magana ta riga ta fita, kuma daga bakin da ba a musu da shi.

Maiturare tana da gwajin da ta gada daga kakarta. A tatsi nonon mai jego a ludayi, a kamo cinnaka a jefa. Idan ya yi iyo ya hau gefe ya fita, nono lafiyayye ne. Idan ya mutu a ciki, mugun nono ne, akwai dafi, sai a raba yaro da shi har a wanke shi da saiwoyi. Kuma a wajenta gwajin bai taɓa ƙarya ba. Ta yaya zai yi? Idan cinnaka ya fita yaro ya rayu, gwaji ya yi gaskiya. Idan ya fita yaro ya mutu, kwana ne ya ƙare. Idan cinnaka ya mutu aka cire yaro daga nono ya rayu, ai da ba don gwajin ba da tuni an binne shi. Idan kuma aka cire shi ya mutu, to dafin ya riga ya taɓa shi tun yana ciki. Ta ko'ina aka ɓullo, cinnaka ne mai gaskiya. Ba wanda ya taɓa tambayar zurfin ludayin, ko kaurin nonon, ko an murje wa ƙwaron ƙafa wajen kamu.

Kafin ciki na biyu ya isa haihuwa uwar Huraira ta rasu, don haka a ɗakinta ta haihu, a hannun Goggo. Mace, Asama'u. Aka tatse dakashi, nonon farko, aka zubar kamar yadda aka saba, sannan da hantsi Maiturare ta shigo da ludayi, tsofaffin gida suka kewaye. Nonon Huraira mai kauri ne, har maiƙo yake yi a sama. Cinnaka ya faɗa, ya yi ta wutsil-wutsil, ƙafafunsa suka manne, ya kife.

"Innalillahi," in ji wata tsohuwa.

"Goggo, a sake mana," in ji Huraira. "Wataƙila wannan ɗin raggo ne."

Aka sake. Na biyun ma ya kife. Maiturare ta karɓi jaririya daga cinyarta, idonta cike da hawaye, ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan. Ba laifinki ba ne, haka Allah ya yi ki. Za mu wanke shi."

Daga ranar kullum safiya Maiturare da kanta take taka ƙafa zuwa rugar Jumare ta karɓo madarar shanu. A sirka da ruwan rafi, a yi wa jaririya ɗura, a rufe sauran da faifai har yamma, ƙuda na bi. Huraira kuwa an sa ta shan jiƙe-jiƙe masu ɗaci, kuma an ce ta riƙa tatse mugun tana zubarwa don mai kyau ya samu hanyar zuwa. Sai ta je bayan danga ta tsuguna ta tatsa a ƙasa, tana jiyo kukan yunwar 'yarta daga ɗaki. A nan ta ga wani abu. Inda duk ta zubar, kafin ta ɗaura zani cinnaku sun yi dafifi suna sha, su koma raminsu garau, gobe su dawo da 'yan'uwansu.

Ta faɗa wa Goggo. Goggo ta ce ƙasa ce ta shanye dafin.

Asama'u ta kama zawo, maɗigarta ta faɗa, ta koma kamar ɗan tsako. Ba ta daɗe da cika arba'in ba ta tafi. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa cewa ai Goggo ta yi ƙoƙari, da an bar ta a kan nonon nan ko suna ba za ta gani ba. Huraira tana zaune ƙirjinta na zuba, tana amsawa, "Haka ne."

Ciki na uku ya zo ne a shekarar da aka fara yaƙin basasa, lokacin da manyan motoci ke bin hanyar Funtuwa ɗauke da samari masu shiga soja. Namiji ta haifa. Tsofaffi suka kai shi juji suka ajiye suka ɗauko, wai don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba ta ƙyale shi, suka riƙa kiransa Ajuji. Aka kawo ludayi. Cinnaka ya kife.

Wannan karon Huraira ba ta roƙa ba. Ta bari sai da safe, Goggo ta dawo daga ruga, mata na tsakar gida. Ta ɗauki ludayin nan ta ɗebi madarar shanun da za a ba yaron, ta kamo cinnaka a gindin turmi ta jefa. Mata suka matso suna leƙe. Ƙwaro ya yi ta fama, ya gaji, ya kife.

"Goggo, ga na saniya ma," in ji ta.

Maiturare ta daɗe tana kallon ludayin. Da za ta ce, ni ma abin ya ɗaure mini kai, da wannan labarin bai kai a rubuta ba. Sai ta ɗago ta ce, "Wa ya riƙe ludayin?"

"Ni ce."

"To kin gani. Har a tafin hannunki yake. Daga yau kada ki ƙara yi masa ɗura, ni zan riƙa yi."

"To ke ki riƙe, Goggo, a sake."

"Ni za ki gwada? Ni da na yanke cibiyar mijinki? Hure, jego ne ya taɓa miki kai, je ki kwanta."

Mata suka watse suna ta mamakin rashin kunyar 'yan zamani. Haka ta tashi da hujja a hannunta, ta koma ɗaki an hana ta ko ba ɗanta ruwa.

Ajuji ya bi hanyar 'yar'uwarsa. Kaka ta yi, kowa a gidan ya tafi yankan dawa, Goggo ta tafi ruga. Huraira na zaune da yaro a cinya, kukansa ya koma 'yar ƙara kamar ta mage, yana ta juya kai yana lalubar ƙirjinta. Sai ga Audi ya dawo ɗaukar lauje. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu, yana sosa ƙeya.

"Ko dai ki ɗan ba shi?" ya ce.

"Malam, umarni ne ko tambaya?"

"A'a, ni dai na ce ko."

Ko! Mutum da ɗansa, a cikin gidansa, abin da ya iya fitarwa ke nan. Da ya ce, ba shi, ni na ce, in ma wani abu ya faru a wuyana, da ta ba shi. Amma ya miƙa mata kayan duka ya tsaya yana jiran ya ga yadda za ta yi da su.

Ta sassauta zani, ta ɗago yaron. Bakinsa ya taɓa ta, ya buɗe, ya kama. A daidai nan duk abin da aka shekara ana zuba mata a kunne ya taso: Ladan da tumbuɗinsa, ƙwaron da ya kife, hawayen Goggo, masu gaisuwa da haka ne ɗinsu. Ita da ta ga cinnaku suna shan nononta a bayan danga, ita da ta ga na saniya ya kashe ƙwaro, sai ta fizge yaron, ta sa bakin zani tana goge masa leɓe da sauri.

"Idan ya sha ya tafi, Malam, me zan ce wa Allah?"

Audi ya ɗauki laujensa ya fita. Kafin a gama kai dawa rumbu aka binne Ajuji.

A wannan kakar Naomi ma ta haihu, mace, Martha. Zazzaɓin jego ya kwantar da ita har nononta ya ƙafe. Huraira ta haye rafi ta je duba ta, ta tarar da ita kwance a kan tabarma ta rame, jaririya na gefe ana ɗiga mata ruwan koko. Naomi ta dubi gaban rigar Huraira, ya jiƙe sharkaf.

"Ƙawa, dubi ikon Allah," in ji Naomi. "Ke nono babu ɗa, ni ɗa babu nono. Ɗauke ta."

"Kin manta abin da cinnaka ya ce?"

"Cinnaka ubana ne? A wace makaranta ya yi karatu?"

"Naomi, ba wasa nake yi ba. Zan kashe miki 'ya."

"Dube ta da kyau. Kina ganin wannan za ta kai Lahadi? In ta sha naki ta mutu, in ba ta sha ba ta mutu, gara ta tafi da ƙoshi. Ni na ce ki ba ta. In wani abu ya faru, ni na kashe abata."

Abin da Huraira take jira wani ya faɗa ke nan tun haihuwar Asama'u, sai ga shi ya fito daga bakin mai jinya a hayin rafi. Ta ɗauki Martha ta sa mata nono. Yarinya ta kama ta yi ta zuƙa har ta yi gyatsa, ta saki, ta yi barci. Huraira ta zauna tana kallon ƙirjin jaririyar yana hawa yana sauka, tana jiran ya tsaya. Har la'asar bai tsaya ba. Washegari ta dawo, da jibi, da gata. Naomi ta warke amma nono bai dawo ba, sai shayarwa ta zama ta Huraira har yaye.

Martha ta yi kumatu, ta yi cinyoyi, ta zama yarinyar da ba a iya goyo a daɗe. Duk ƙibar da ta ƙara, Huraira sai ta ji kamar ana yanka ta, domin kowane ninki na wuyan yarinyar nan yana gaya mata abin da ta goge daga bakin Ajuji. Ranar da Martha ta fara tafiya, ta riƙo hannunta har ɗakin Goggo ta tsayar da ita.

"Goggo, ga mugun nono yana gaishe ki."

Maiturare ta shafa kan yarinyar, ta lallatsa damtsenta, ta ce tubarkalla. Sannan ta ce, "Ai bare ce. Dafin nono jininsa yake bi, ba ya cin na wani." A bakin rijiya kuma mata suka ƙara da cewa cikin Gwari ai ko dutse ya samu niƙawa zai yi.

Huraira ba ta ƙara musu da kowa ba. Ta samu Audi ta gaya masa cewa in Allah ya sake ba ta, ko a tsakiyar daji za ta haihu, kuma duk wanda ya shigo mata da ludayi za ta fasa shi a kansa. Audi ya ce ya yarda, wannan karon zai tsaya. Ya yarda lokacin da babu yaron da za a tsaya wa.

Shekaru suka yi ta wucewa babu ciki. Mijin Naomi ya samu aikin masaƙa a Kaduna, suka kwashe har da Martha. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, reshe ya karye da Audi yana ɗiban zuma, aka kawo shi gida a kan ƙyaure, bai kwana biyu ba ya cika. A lokacin Huraira ta yi wata biyu ba ta ga al'ada ba, ta kuma riga ta gaya masa, ya mutu yana murna.

Watanni suka tafi ciki bai taso ba. Jini ma ya dawo, kaɗan-kaɗan. Maiturare, wadda a lokacin ido ya fara barinta, ta sa aka jagorance ta har ɗakin, ta lalubi marar Huraira ta daɗe tana dannawa.

"Yana nan," ta ce. "Kwanciya ya yi. Firgita ya yi da mutuwar ubansa. In lokacinsa ya yi zai tashi."

Ko tausayi ne ya sa ta faɗi haka, ko abin da ta sani ke nan, ta tafi kabari da amsar. Abin takaicin shi ne Huraira, wadda ta daina yarda da ko gaisuwar tsohuwar nan, wannan ɗin ta karɓa hannu biyu. Hukuncin cinnaka tilasta mata shi aka yi. Wannan kuwa ita ta rungume shi, domin shi ne maganar da take son ji.

Tana da ƙuruciyarta a lokacin, ba ta fi talatin da 'yan kai ba. Akwai wani tela a garin Magajin Gari mai suna Wakili, wanda matarsa ta rasu, ya saba sayen man kaɗenta ranar kasuwa don shafa wa ƙafarsa mai faso. Ya aiko, sannan ya zo da kansa. 'Yan'uwansa mata sun kai masa labarin nono, ya kore su.

"Ni cinnaka ko aljihuna ya shiga murje shi nake yi," in ji shi. "Ki zo ki haifa mini goma, ki shayar da su a ƙofar shago kowa ya gani."

Ta yi dariya, rabonta da dariya tun tafiyar Naomi. Sannan ta ce, "Malam Wakili, da cikin wani zan shiga gidanka?"

"Wane ciki kuma? Audi ya shekara biyu a ƙasa."

"Ya kwanta ne."

Wakili ya cire hula ya mayar. Ya ce to su je asibitin Birnin Gwari, akwai ma'aikaciyar jinya, ta duba, in akwai a sani, in babu a sani. Shi zai kai ta a kan kekensa.

"Dubawa," in ji Huraira. "Ita ma ta duba ta yanke mini hukunci ko? An duba ni sau nawa a duniyar nan, me na samu? Na gama da dubawa."

Ku ga inda ɓarnar ta kai. Saboda gwaji ɗaya na banza ya cuce ta, sai ta haɗa da wanda zai cece ta ta watsar. Wakili ya yi magiya, ya turo limami, ya turo matar Jumare da take shiri da Huraira. Ya jira damina biyu. Da ya gaji ya auri wata bazawara daga Damari, kafin shekara ta zagayo ta haifa masa tagwaye. Huraira ta je suna da ƙwaryar man kaɗe, ta ɗauki yaran ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu addu'a, ta dawo.

Ta ci gaba da zama a ɗakin Audi. Ta rage ɗaukar kaya masu nauyi, ta daina shan abu mai tsami, wai kada ta cuci na kwance. Da farko mata kan tambaye ta, ya mai barci? Daga baya suka ga abin ya wuce wasa suka bari. Har furfura ta rufe mata kai, in ta ci wake ko rogo hanjinta ya motsa, sai ka ga ta ajiye abin da take yi, ta dafa mara, ta yi shiru tana sauraro.